Kyanwar Goggo Adama

Marka ta sauka mana a Kafanchan bana kamar ba ta da niyyar ɗaukewa. Wankin da na shanya tun farkon mako yana nan a igiyar baranda, sai warin danshi yake yi. Jiya da hantsi gas ɗin maƙwabciyata ya ƙare, ta fita bayan gida tana fama da jiƙaƙƙen icce, tana hurawa tana tari. Hayaƙin ya tsallako katanga ya same ni ina tsintar shinkafa. Ina shaƙarsa na sauke farantin a cinya, na daɗe ban sake sa hannu a ciki ba. Irin hayaƙin nan na shaƙa damina guda cur a ƙauyen mijina, can bayan Kwoi, shekarar da aka ba ni riƙon kyanwa.

An fi shekara talatin yanzu. Lokacin aurena da Bulus bai daɗe da cika shekara ba. Daminar da ta gabaci waccan shekarar ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ta tsaya ba ta yi ƙwaya ba. Kafin a gama rufe citta da ganye, in ka leƙa rumbunmu ƙasa kake gani. Sai Bulus ya ɗauki kekensa ya zo nan Kafanchan yana dako a tashar jirgi. Wata Asabar ya dawo mana da 'yar masara ko garin rogo a ƙulle a bayan keke, wata Asabar mu yi ta kallon hanya a banza. Gidan ya rage ni da mahaifiyarsa. Mama mace ce doguwa, siririya, mai ƙarancin magana. Ba ta taɓa zagina ba, amma ban taɓa jin ta yabe ni ba, don haka tsoronta nake ji.

A cikin watan Yuli na haihu. Namiji ne. Bai yi kuka ba. Tsofaffin da suka karɓi haihuwar suka naɗe shi a zani suka fita da shi, ni kuwa aka juya mini fuska wajen bango. Haka ake yi a lokacin, wai don kada uwa ta riƙe kamanninsa a zuciya. Matan zumuntar cocinmu suka zo suka cika ɗakin, suka yi waƙa, suka yi addu'a, suka tafi. Bulus ya kwana biyu yana zaune a bakin ƙofa, sannan yunwa ta mai da shi tasha. Ni kuma na kwanta. Ba ciwo nake ji ba, ba kuka nake yi ba, tashin ne kawai ban ga amfaninsa ba. Mama ta dafa ruwa ta gasa mini jiki safe da yamma, ta ajiye kofin kunu kusa da kaina ta ce, "Sha." Iyakar hirarmu ke nan.

Ina cikin wannan hali Goggo Adama ta zo. Tsohuwar Bafillatana ce, rugarsu na ƙetaren rafi, tun kafin a kawo ni gidan take kawo wa Mama nono ta karɓi tsaba. Ranar ana yayyafi, na jiyo sallamarta daga tsakar gida.

"Maraba, Goggo," in ji Mama. "Yau ba ƙwarya, sai kwando?"

"Ƙwarya ta bi shanu, Maman Bulus. Yara sun kora su tudu tun da aka yi shuka, kada su shiga gonakin mutane. Ni kaɗai na rage, ga shi an aiko 'yata ba lafiya a Kagarko. Gobe zan bi mota, ban san ranar dawowa ba. Wannan kyanwata ce. Ciki gare ta, ya tsufa. In na bar ta a ruga karnuka za su cinye 'ya'yan."

Mama Hausarta ta kasuwa ce da ta coci, ba ta raba mace da namiji. Ta ce, "Kai, Goggo. Mu da ba mu ƙoshi ba? Kuliya zai ci mene a gidan nan? Ɓera ma ya gudu ya bar mu."

"Ai ba ke na kawo wa ba," in ji Goggo. "Amarya na kawo wa."

Ta sunkuyo ta shigo ɗakina, jikinta na ƙanshin man shanu, ta ajiye kwandon a gefen gado. Ta ce, "Amarya, ga amana. Ba ta son hayaniya. Kada ki ɗaga ta ta ciki. In ta haihu kada ki yawaita taɓa 'ya'yan, sai ta kwashe su ta kai inda ba za ki gani ba." Ta ɗora tafin hannunta a kaina, ta faɗi wasu kalmomi da Fillanci waɗanda ban gane ba, ta fita.

Kyanwar ruwan toka ce, mai farin ƙirji, kunnenta ɗaya a tsage. Ba ta da suna, sai muka riƙa ce mata Ta-Goggo. Tana fita daga kwandon ta shige ƙarƙashin gado. Washegari ta fara kuka. Na zuba mata kununa a sakaina na tura mata. Ta fito cikinta na rinjayarta, ta shinshina, ta dube ni, ta koma. Abin ya ba ni haushi ƙwarai. Kunun da mutum ke sha a shekarar yunwa, shi za ta raina? Haushin nan ne ya tashe ni. Na dafa bango na fita, na shiga madafi karo na farko tun da na haihu. Na san inda Mama ke ɓoye kan busasshen kifi, a wata 'yar tukunya saman murhu. Hannuna na ciki ta shigo.

"Wannan na miyan Lahadi ne," ta ce.

Kunya ta rufe ni. Ta daɗe tana kallona daga ƙafa har kai. Sannan ta karɓi kan kifin ta ɓalla biyu, ta miƙo mini ƙaramin.

Rayuwar gidan a watan nan ba ta da yawa. Da sassafe Mama ta durƙusa gaban murhu, icce jiƙe sharkaf, ta yi ta hurawa har idanunta su yi ja, hayaƙi ya biyo ƙarƙashin jinka ya shigo ɗakuna. A dama kunu tsinkakke, kana ganin gindin kofi. Da rana babu komai, sai in an dace da gwaza. Da yamma fate: tsakin masara cikin tafin hannu, sauran duk ganye, rama da yakuwa da ganyen kabewa. Yana cika ciki, amma kafin ka kwanta ya zama ruwa. In ka miƙe da sauri sai ƙasa ta juya. Tabarma ta yi fumfuna, gishiri ya narke a kwalba, ashana sai an ɗumama ta a hammata kafin ta kama. Ruwa kuwa ba tsawa ba iska, zuba kawai yake yi, siriri, yini guda.

Ranar wata Lahadi ta haihu. Mama ta yafa buhu a ka ta tafi coci, ni ina kwance. Na ji motsi a ƙarƙashin gado, da wani nishi da ban taɓa jin ta yi ba. Akwai wani daro da na tura can ƙurya na rufe da zani, ban sake waiwayarsa ba. A ciki na tara kayan jariri: 'yan riguna da na ɗinka da hannu, da tawul, da hular ulu da na koyi saƙawa a wajen matan zumunta. Ta-Goggo ta ture zanin ta kwanta a tsakiyar kayan. Na jawo daron a hankali zuwa hasken ƙofa. Ba ta gudu ba.

Na farko ya riga ya fito, a cikin wata 'yar jaka mai sheƙi. Ta yage jakar da haƙori ta shiga lasarsa. Bai motsa ba. Ta juya shi, ta sake lasa. Bai motsa ba. Na ji bakina yana cewa "Yesu, Yesu, Yesu," ban san lokacin da na fara ba. Can sai ya miƙe ƙafa ɗaya, ya buɗe ɗan bakinsa ja, ya yi wani tsiii kamar ɗan tsako. Na zauna daɓas a ƙasa. Ban tashi ba har sauran uku suka fito, kowanne ta wanke shi, kowanne ya lallaɓa ya nemi nono da kansa, ido a rufe. Biyu ruwan toka irin uwarsu, ɗaya ja, na ƙarshen baƙi mai farar ƙafa, ƙarami ƙwarai. Shi na sa wa suna Auta.

Mama ta dawo jiƙe, ta leƙo, ta ga jini a kan farar riga.

"Rifkatu! Kayan yaron!"

Na ce, "Mama, ki bar ta. Ai babu mai sawa."

Ta tsaya a bakin ƙofa, ruwa na ɗiga daga buhun kanta. Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta juya ta fita. Jim kaɗan ta dawo da kasko cike da garwashi, ta ajiye nesa kaɗan da daron. Ta ce, "Sanyi zai kashe su. Amma ni ba zan taɓa su ba, ki sani."

Duk sanda 'ya'yan suka yi kukan yunwa, nonona da Mama ke ta gasawa don ya ƙafe sai ya kawo, ya jiƙa mini gaban riga. Ranar da ta gani na yi sauri na rufe da hannu. Ta kawo tsohon ɗankwalinta ta ɗaure mini ƙirji, kuma a ranar na fara lura hannunta ba shi da nauyin da nake zato.

Ban san mai shayarwa na ci haka ba. Ta-Goggo ta fara ramewa, haƙarƙarinta ya fito. Takan fita ta kamo ƙadangare, amma a cikin marka ƙadangaru ma ɓuya suke. Yanzu 'yata takan nuna mini a waya abincin kyanwa na gwangwani, wai har da na masu jego daban. Mu a lokacin rafi muke da shi. Na ɗauki kwandon da aka kawo ta a ciki na fita.

Hanyar rafi ta gefen gonakin citta take. Matan unguwarmu suna gayya, yau gonar wannan gobe ta waccan, a durƙushe cikin yayyafi suna cire ciyawa da hannu, don citta ba ta son fartanya kusa da ita. Suna ganina suka ɗago. "Rifkatu ce? Kin fito? To, mun gode wa Ubangiji." Wata ta tambayi inda za ni da kwando, na ce kifi zan kamo wa kyanwa. Suka kwashe da dariya har ɗaya ta zauna a laka.

Rafin ya cika, ya yi ja, sanyinsa har ƙashi. Ina tura kwandon ƙarƙashin ciyawar gefe in ɗago, wani lokaci laka kawai, wani lokaci 'yan kifaye kamar yatsa da ƙaguwa. In na dawo in gasa a garwashi, in cire ƙaya, in murmushe mata a fate. Ranar da aka dace da yawa Mama ta ɗebi rabi ta jefa a tukunya, tana cewa kuliya ya fara ciyar da mu. Ba a daɗe ba na fara tsayawa wajen gayyar in ɗan taɓa kafin in wuce, daga baya na koma yini da su. In na shigo gida in canza tsummokaran daron, in shanya jiƙaƙƙun a kan murhu, in tsince ƙuma da yatsa, in matsar da daron daga duk inda jinka ta fara yoyo.

Wata rana bayan an kwana ana ruwa, rana ta fito da zafi kamar mai huce haushi, ƙasa na tururi. Muna dawowa daga gona ni da Mama, tun daga bakin shinge na ji Ta-Goggo na wani irin ihu. Na ruga. Kwarkwasa ce. Baƙin layi mai kaurin igiya ya fito daga bayan rumbu, ya shige ta ƙarƙashin ƙofata, ya hau daron. Uwar ta kwashe biyu ta kai kan gado, na uku na bakinta, tana tsalle tana karkaɗe ƙafa. Auta na can cikin tsumma, sun rufe shi ruf. Na zura hannu na ɗauko shi. Cizon kamar allura mai wuta har hammata, amma sai daga baya na ji. Na kwashe su duka a zanina na yi waje. Mama ta kwaso toka mai zafi tana watsawa a layin, ta kunna damin ciyawa tana bin bango da shi, tana faɗa da yarenmu kamar kwarkwasar na ji.

Sannan muka zauna a tsakar gida cikin rana. Kwarkwasa in ta kama ba ta saki, sai ka ja jikin ya tsinke, kan ya rage a fata. Ina cire na jikin jan, na ɗaga kai na ga Auta a cinyar Mama. Ta kawo shi dab da idonta don ba ta gani sosai, tana zare su ɗaya-ɗaya da farce daga hancinsa da cikinsa. "Riƙe mini ƙafan nan," ta ce. "A hankali. Kada ki ja."

Sauran ukun suka warware. Auta bai warware ba. Cikinsa ya kumbura, ya daina kama nono, in na sa shi 'yan'uwansa su ture shi. Uwar ta lashe shi, ta lashe shi, daga baya ta fara kwanciya ta ba shi baya. Mama tana da akuya mai ɗa. Mutanenmu ba sa tatsar akuya, ban taɓa ganin an yi ba. Da safe na fito na tarar da ita durƙushe a turke, ta matse akuyar da kafaɗa, kofi a hannu. Akuyar ta harbe kofin, ta ɗauko, ta sake harbewa. "Tsaya, mara kunya," in ji Mama, "kaɗan nake so." Abin da ta samu bai rufe gindin kofi ba. Muka ɗumama, na murza auduga na tsoma ina ɗiga masa a baki. Yakan haɗiye kaɗan, sauran ya biyo gefen baki. Na sa shi cikin rigata a kan ƙirji, na ɗaure da zani, ina aikin gida da shi, ina jin ɗan motsinsa a fatata.

Haka muka yi 'yan kwanaki. Wata safiya ina tankaɗe, na lura na daɗe ban ji motsin ba. Na zura hannu. Da ɗuminsa, amma ɗumin jikina ne.

Na naɗe shi a hular ulun nan, na ɗauki fartanya. Mama na bakin madafi.

"Ina za ki?"

"Zan binne shi."

A ƙauyenmu mushen kyanwa jefarwa ake yi a daji. Na jira ta faɗi haka. Ta dube ni, ta dubi hular a hannuna, ta miƙe ta karɓi fartanyar. "Zo," ta ce.

Muka zaga bayan gida, muka wuce rumbu, muka ratsa jiƙaƙƙen ganyen gwaza har gindin wata ɗorawa. Ban taɓa zuwa wurin ba. Akwai ɗan tudun ƙasa, bai fi tsawon hannu ba, an jera masa duwatsu saboda aladu. Ciyawa ta fara fitowa a kai.

"Ga naki a nan," in ji Mama.

Ta bar ni na durƙusa. Sannan ta nuna wasu duwatsu biyu a gefe, sun nutse cikin ƙasa, gansakuka ta rufe su.

"Waɗannan nawa ne. Kafin Bulus. Ni ba wanda ya nuna mini, sawun fartanya na bi na gane." Ruwa na ta ɗigo mana daga ganyen ɗorawa. "Naki yana da gashi. Cike da kai, baƙi. Hancin Bulus ne, amma yatsun naki ne, dogaye. Ni na wanke shi. Na sa masa zani mai kyau."

A nan na yi kukan da ban yi ba tun Yuli. Na yi shi da murya har maƙogwarona ya dushe, goshina a gwiwar Mama, ita kuwa tana tsaye, ba ta ce in yi shiru ba, ba ta ce in yi haƙuri ba. Da na gama ta share mini fuska da bakin zaninta, ta matsa can gefe ta sara ƙasa. "Nan ya isa," ta ce. "Kada ya yi kusa sosai, mutane su ce mun haukace."

Bayan wannan marka ta fara sassautawa. Masarar bayan gida ta nuna. Muka kai nunan fari coci, muka dawo muka gasa sauran, muka ci har muƙamuƙi ya gaji. Yanzu a kowace kwana ta garin nan ana gasa masara, ina saye, amma ban sake jin zaƙin waccan ba. 'Ya'yan kyanwar suka buɗe ido, suka fara fitowa daga daron suna tangaɗi, wutsiya a miƙe. Sai hawa zani, sai shiga takalmi, sai faɗa da tsintsiya. Jan shi ne shugaban ɓarna. Wata Asabar Bulus ya dawo ya tarar ina bin sa da ludayi don ya faɗa mini cikin ƙullu, ina ta masifa. Ya tsaya a bakin shinge riƙe da keke. Daga baya ya ce mini tun daga hanya ya jiyo murya, ya ɗauka baƙuwa muka yi.

Ana yankan acca Goggo Adama ta dawo. 'Yarta ta samu sauƙi, yara kuma sun sauko mata da 'yan shanun tatsa. Ta sauke mana nono da curin man shanu. Ta-Goggo na jin muryarta ta fito da gudu tana goga jiki a ƙafafunta. Na san amana ce, amma na manta ana mai da ita.

"Ɗaya na bari, ga huɗu," in ji Goggo tana dariya. Ta ɗaga kowanne ta duba ciki da kunne. Na ba ta labarin Auta. Ta ce, "Kwanansa ne ya ƙare, amarya. Uku a cikin marka, a shekara irin wannan? Ko ni ban iya ba." Ta dube ni da kyau, ta gyaɗa kai. "Zaɓi ɗaya."

Kafin in buɗe baki Mama ta ce, "Jan nan namu ne." Muka juyo muna kallonta. Ta ɗaure fuska. "Sabon hatsi zai shigo rumbu. Shi ke nan."

Goggo ta sa uwar da biyun a kwando. Na raka ta har bakin rafi, na dawo na wanke daron na kife. Ɗan jan ya yini yana zagaya gida yana kuka, yana leƙa ƙarƙashin gado. Mama ta ɗauke shi ta kai ɗakinta, wai don kada ya dame ni.

Ba a jima ba, wata safiya muna shanya acca a tsakar gida, sai ga Ta-Goggo a kan shinge. Ta biyo gungumen da aka gitta a rafi, ƙafafunta duk laka. Ba ta kula ni ba, ba ta kula Mama ba. Ta yi wani ɗan kira a maƙogwaro, jan ya fito da gudu daga ɗakin Mama. Ta kama shi a wuya, ya yi mata girma, ƙafafunsa na jan ƙasa, ta ja shi haka har kafar shinge, ta sake shi, ya bi ta a baya suka shige ciyawa.

Mama ta tsaya da tsintsiya a hannu, baki buɗe. "Ɓarawo! A gabana! Da rana tsaka!"

Ni kuwa dariya ta kama ni har na riƙe ciki. Mama ta jefar da tsintsiyar, ta gyara ɗaurin zani.

"Ɗauko takalminki."

"Mama, ina za mu?"

"Ruga."

Duk shekarun da suka yi suna musaya da Goggo a ƙofar gidanmu ake yi, Mama ba ta taɓa taka rugar ba. Muka bar accar a rana muka tafi. A kan gungumen ta riƙe hannuna gam, tana ɗaga ƙafa a hankali, tana mita. Goggo ta hango mu tun daga nesa, ta fito daga bukka tana tafa hannu tana dariya, don ta san abin da ya kawo mu. Ta shimfiɗa tabarma, ta shiga dama fura.

"Ba zama na zo ba," in ji Mama. "Ina kuliyana?"

Goggo ta ɗaga asabarin bukkar ta nuna. Suna nan a gindin gadon kara. Ta-Goggo ta miƙe a gefe ɗaya, idanu a lumshe, su uku a jere a cikinta, jan a tsakiya, ya ƙanƙame nono yana tura ƙafa, yana tura ƙafa. Mama ta sunkuya ta miƙa hannu za ta ɗauke shi. Hannun ya tsaya a sama. Ta daɗe a haka. Sannan ta miƙe, ta dawo ta tuɓe takalmi, ta zauna a tabarmar, ta karɓi ƙwaryar furar daga hannun Goggo.

"Bar shi ya gama sha tukuna," ta ce.